Busasshiyar Rigar Kawu Sale

Bagdadiyya, Jidda

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen gida. Allah ya tsare mini ku. Allah ya kawo ka garin nan da ƙafafunka, ya kuma mayar da kai gida da ƙafafunka.

Akwai wata safiyar Juma'a da nake so ka gani da idona kafin ka hau jirgi.

Muna cikin kwantena a bayan wani sito, can wajen tashar jiragen ruwa, muna sauke buhunan shinkafa. Ni ne, da Mahamat ɗan Cadi, da Usman wanda iyayensa Hausawan Sudan ne, sai kawunka Sale, ƙanin mahaifiyarka, wanda bai daɗe da zuwa ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma ƙarfen kwantenar ya riga ya ɗauki wuta, in kafaɗarka ta goge shi sai ka zabura. Rigata ta manne mini a baya, gumi na gangarowa har cikin takalmi. Mahamat ya cire tasa ya matse, ruwa ya zuba kamar daga wanki aka ɗauko ta. Ya sha ruwa, ya miƙa wa Sale gorar.

Sale ya ture ta da gwiwar hannu. Ya ce, "Ɗan Cadi, mu a garinmu ba a shan ruwa sai fura ta iso gona."

Ya juya da buhu a kafaɗa, sai na ga bayansa. Rigarsa ta bushe. Da farko ta jiƙe kamar tamu, amma a lokacin ta bushe ƙayau, sai farin gishiri da ya zana mata layi daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

"Mijin Yaya, ka tsufa," in ji shi. "Dubi yadda kake ɗiga kamar an tsamo ka daga tafkin Nguru. Wallahi sai na gaya wa Yaya ragon miji gare ta."

Na ce, "Kai dai ɗauki buhu, bakinka ya fi ƙarfinka."

Na yi dariya. Na ce a raina, yaron nan ƙarfe ne, har jikinsa ya saba da garin. Na ji daɗi, don ni na nemo masa hanyar zuwa.

Kafin magariba ta ranar Sale ya rasu. An ce muku zazzaɓi ne, kuma kana ƙarami a lokacin. Ba zazzaɓi ba ne.

Ka san ban saba zama da kai mu yi doguwar magana ba. Kai ne na fari, ban kai ashirin ba aka haife ka, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, in muka haɗu a zaure kai ka sunkuyar da kai, ni in dubi bango. A waya ma daga "to Baba" sai "to Baba". Amma shekaranjiya, da mahaifiyarka ke faɗa mini kayan da ta haɗa maka, na jiyo muryarka daga tsakar gida kana ce wa wani, "Wai da zafi ake tsorata ni. Ni da na yi noma a ranar Nguru?" Muryar Sale na ji a bakinka. Shi ya sa na ajiye kunya na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iya inda karatuna ya tsaya.

Ni ma da wannan maganar na sauka a garin nan. Na ɗauka rana duk rana ce. Tamu ta gida tana da gaskiya: za ta dake ka a ka, ka shiga ƙarƙashin darbejiya ta ƙyale ka. Gumi ya fito, iska ta shanye shi, jiki ya huce. Ta nan ba ruwanta da inuwa. Teku ne ke hura mata, iskar kanta a jiƙe take, kamar ka kara fuskarka a bakin madambaci. Gumi zai fito ya rasa inda zai je, ya tsaya a jikinka, kai kuma kana ta dahuwa. A gida in rigar manomi ta bushe, iska ce ta taso. A nan ba iskar da za ta busar da rigar mai aiki. In ka ga ta bushe, rijiyar jikinsa ce ta ƙafe. Ban san haka ba, kuma ba wanda na tambaya, don ina ganin abin kunya ne ɗan Nguru ya tambayi wani labarin rana.

Da shadda mai sitati na zo, da rigunan roba irin na 'yan ƙwallo. Ban yi nisa ba hammatata da cinyoyina suka feso da ƙuraje, ina tafiya a buɗe kamar ɗan shayi, ana ta yi mini dariya a ɗaki. Ka bar rigunan roban nan ga ƙannenka. Ka nemo na auduga, marasa nauyi, masu faɗi, farare ko masu haske. Shadda ɗaya ta isa, don Juma'a. Safa kuwa ka sayo da yawa, takalmin aiki rufaffe ne, in ka maimaita safa jiƙaƙƙiya tsakanin yatsunka zai tsage.

Kilishin da aka yi mini guzuri na ɓoye shi a ƙasan jaka ina tattali, irin na gida inda abu ke ƙara bushewa in ya daɗe. Ranar da na buɗe, fumfuna ta yi masa kore shar. Na zauna ina kallonsa kamar an yi mini rasuwa. Naka ka raba shi ranar da ka sauka, ku cinye, ka sami abokai da shi. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a zuba su a roba mai murfi. Kuma kada ka karɓi ƙullin kowa. Ko liman ne ya ce ka kai wa ɗansa, ka ce ya kwance a gabanka. Ni na karɓi na wani maƙwabci don kunya, aka tsayar da ni a filin jirgi, jami'i yana nuna ƙullin yana tambaya, ni kuwa ban san abin da ke ciki ba. Yaji ne da turaren wuta, Allah ya rufa asiri. Amma tsayuwar da na yi kafin a kwance shi, ba na so ka ɗanɗana ta, don a ƙasar nan wani ƙullin wuyan mutum yake ci.

Ruwan famfo ma sai da ya koya mini hankali. Tankunan a saman gini suke, rana na gasa su. Na tara hannu zan yi alwalar azahar, na yi ihu, bayan hannuna ya yi ja. Tun daga nan nake tara bokiti da asuba in ajiye a ɗaki. Ka riƙe maganar bokitin nan, za ta dawo.

Babban kuskuren kuwa daga gona na ɗauko shi. Malam kakanka, Allah ya jiƙansa, ba ya barin mu sha ruwa in muna huɗa. Yakan ce ruwa na kashe jiki, yana sa ciki nauyi, namiji sai fura ta iso. A gonarsa maganarsa daidai ce, don kafin rana ta take an kawo furar, an zauna a inuwa. Ni na kwaso dokar na kawo ta bakin teku, inda ba mai kawo fura. Da Sale ya zo, ni da bakina na ce masa kada ya riƙa yawan zuwa wurin ruwa, kada mai sito ya ce 'yan Nijeriya ragwaye ne. Ashe da ya ture gorar Mahamat, maganata yake bi.

Sai maganar takarda. Iƙama, wato katin zamanka, sunan mutum ɗaya ke rataye da ita, kafilinka, wanda ya ɗauko ka aiki. Shi kaɗai doka ta yarda ka yi wa aiki. Juma'ar nan ranar hutunmu ce. Wani mai sito ya nemi hannu a ɓoye, na ce wa Sale mu je mu ɗan ƙara, tunda yana ta maganar aure. Shi da bai gama sanin garin ba, da ya kamata ya kwanta ya huta, na tashe shi na kai shi cikin ƙarfe. Kada ka yi aikin ɓoye. Ba don kamu kaɗai ba. Aikin ɓoye yana sa mutum ya ɓoye abin da ba a ɓoyewa, za ka ga yadda ya yi da ni.

Bayan dariyar nan da muka yi, Sale ya kai buhu ya dawo, ya kai ya dawo. Sai na ga ya tsaya a bakin kwantena yana dube-dube kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Buhun ya zame. Ya zauna a kansa, ya kama kai. Na taɓa wuyansa, na janye hannu. Fatar a bushe, zafi kamar murfin tukunya, ga tsigar jikinsa ta tashi, yana ɗan karkarwa.

Mahamat ya ce, "Hamisu, asibiti."

Na ce, "Zazzaɓi ne. Da shi ya zo daga gida, yanzu ya tashi."

"Ni dai ban yarda da idon nan nasa ba."

"In muka je za su tambaya ina ya faɗi. Me za mu ce? Kafili ya ji, mu duka mu koma gida hannu rabbana?"

Usman shi ma tasa iƙamar yake tunani. Mahamat ya tofar da yawu. Kuma ka ji tsoron Allah ka duba: jiki zafi, ciwon kai, rawar ɗari. Wane ɗan ƙasarmu ne zai ga wannan bai ce zazzaɓi ba? Sau nawa na ga an yi maganinsa a gida?

Muka sa shi a mota muka kawo shi ɗakin nan da nake rubuta maka takarda a ciki. Na kwantar da shi. Na ɗauko ƙwayar zazzaɓi cikin wadda aka haɗo mini daga gida, na tura masa da kurɓin ruwa. Ya buɗe ido ya dube ni, bai gane ni ba.

Ya ce, "Yaya, furar ba ta iso ba?"

Na ce, "Tana hanya. Kwanta."

Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, tana ta aiki. Na ce sanyin nan zai ƙara masa ciwo, na kashe ta. Na ɗauko bargona mai kauri na lulluɓe shi har wuya, na soke gefe da gefe yadda Inna ke yi mana, don ya yi gumi zazzaɓin ya fita. Da hannuna na yi, a natse, ina ganin gata nake masa. Aka kira sallah. Na sa shaddata, na ja ƙofa, na tafi masallaci in roƙa masa sauƙi.

Akwai wata tsohuwa a unguwar nan, Hajiya Zainabu. A Jidda aka haife ta, kakanninta da ƙafa suka zo hajji suka zauna. Ita ke dafa mana tuwo ran Juma'a, takan ajiye kwanukan a bakin ƙofa kafin a sauko. Ranar ta jiyo wani irin gurnani daga ciki, ta tura ƙofar.

Da muka dawo, tun daga matakala na ga ruwa na gangarowa. Na shiga na tarar da ita a durƙushe, tsohuwa mai jikoki, ta yaye bargon ta jefar waje, ta yage wa namijin da ba muharraminta ba riga, tana kwara masa ruwan bokitina na asuba, don na famfo ya riga ya tafasa. Mayafinta ya faɗi ba ta ma sani ba. Ta ɗago ta dube mu.

"Min gaffal mukayyif? Wa ya kashe shi? Wa ya rufa masa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Zazzaɓi..."

"Zazzaɓin uwaka! Haram alaik! Mutum na cin wuta ka ƙara masa itace? Yalla, ƙanƙara! Ku je kanti ku kwaso duk wadda ke akwai! Kai dogo, kira motar asibiti, in kana tsoro ba ni wayar!"

Mahamat ya kira. Ni da Usman muka kwaso ƙanƙara, ta cusa masa a wuya, a hammata, a matsematsi, tana fifita shi da murfin kwano tana kiran sunan Allah da Larabci da Hausa. Motar ta zo. A asibiti ba wanda ya tambaye mu ina ya faɗi, gudu kawai suka yi da shi. Daga baya likita ya fito, Usman na yi mana tafinta. Ya ce zafi ne ya dafa shi daga ciki, ƙodarsa ta tsaya. Ya tambaya tun yaushe. Da aka gaya masa, ya dube mu, ya juya ya koma ciki.

Kafili ya ji, kamar yadda na ji tsoro. Ya zo ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce halas, wato magana ta ƙare, kada a sake. Shi ke nan. Abin da na sayar da ran Sale don in kauce masa, yini guda bai cika ba ya wuce.

Da labari ya isa gida, aka yi ta kira ana cewa Sale ya dace, ya cika ran Juma'a kusa da Ɗakin Allah. Ina amsawa da amin. Ban musa ƙaddara ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma wanda ya rubuta kwanan shi ne ya ba mu ido da hankali, kuma ni zai tambaya game da bargon nan, ba Sale ba.

Mahaifiyarka ta sani. Zuwana gida na farko bayan rasuwar na zaunar da ita na gaya mata komai, har kashe na'urar. Tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Ni ma da lulluɓe shi zan yi." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Na san ta faɗa ne don ta sauke mini kaya, amma gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ke hana ni sukuni. Duk wanda ya tashi a inda muka tashi haka zai yi. Kai ma haka za ka yi. Cikin kayan da ta lissafa mini shekaranjiya akwai bargo da ƙwayar zazzaɓi. Kada ka fitar da su a gabanta. Ka taho da bargon, za ka buƙace shi, na'urar nan in ta yi sanyi har ƙashi take shiga. Bargo ba shi da laifi.

To ga abin da nake roƙonka. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba, ka sha a gaban kowa, ko mai sito na tsaye. In ka zaga ka ga fitsarinka ya yi kalar shayi, ka bar abin da kake yi. Ka riƙa shan nonon kanti da ɗan gishiri, don abin da ke fita a gumi ba ruwa kaɗai ba ne, ka tuna farin layin nan. Farkon zuwanka kada ka gwada ƙarfi da kowa, jiki sai a hankali yake koyon garin. Ba ka iya ganin bayanka, saboda haka ka zaɓi mutum ɗaya a wurin aiki, ka ce masa ya riƙa duba rigarka kai ma kana duba tasa. In ka ga ta bushe, ko mutum ya fara magana ba kai, ko ya tsaya yana dube-dube, kada ka tambaye shi ko lafiya, cewa zai yi lafiya lau. Ka ja shi wuri mai sanyi, ka tuɓe shi, ka jiƙa shi, ƙanƙara a wuya da hammata, ka kira motar asibiti tun kafin ka yi tunanin takarda. In ba ya cikin hayyacinsa kada ka ɗura masa komai a baki. Kuma kada ka bar shi shi kaɗai, ko an tayar da iƙamar sallah. Na tambayi malamai daga baya, sun ce mai jinya yana da uzuri. Ban tambaya da wuri ba.

Mutane na cewa ni mai haƙuri ne, kuma an ce ka gado ni. An ce ƙaya ta taɓa shiga ƙafarka ka yini kana noma ba ka faɗa ba. A gida yabo ne. Ni ya tsorata ni. Ka yi haƙuri da kafili, da zagi, da kewar gida, duk za ka sha su. Amma ranar da kanka ya sara a cikin kwantena, ka buɗe baki ka ce ba ka iyawa, ka zauna. A kira ka rago. Ni na yarda in zama uban rago.

Abu na ƙarshe. In ka sauka ka shigo Bagdadiyya, ka tambayi Hamisu, da wuya a gane. Mai Bargo ake ce mini. Hajiya ce ta sa mini, tun ranar ba ta sake kama sunana ba, unguwa ta ɗauka. Sababbin zuwa suna zaton bargo na taɓa sayarwa. Ban taɓa hana kowa kira ba. Ban so ka ji shi a bakin wani ka yi dariya, sannan a ba ka labari.

Ka gaida mahaifiyarka, ka nemi gafararta kafin ka fito. Ka gaida ƙannenka, ka je ka yi sallama da dangin Sale gida gida. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya raba ka da sharrin rana da na mutum. Allah ya jiƙan Sale, ya sanyaya makwancinsa.

Ni ne mahaifinka, Hamisu. In ka ga kamar na ƙara gishiri don in tsorata ka, ba ni kaɗai na gani ba. Mahamat ɗan Cadi yana nan, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wajen tasha, shi ne ya miƙa gorar. Usman ya koma unguwar Ruwais, har yau in mun haɗu ba ma haɗa ido sosai. Hajiya Zainabu ƙafa ta hana ta hawa matakala, amma bakinta na nan. Kafin ka taɓa buhu ɗaya a garin nan, wurinta zan fara kai ka.